Rabe Mai Risho Ya Tafi Su

A unguwar Jarwal ta cikin Makka, a shekarar da aka buɗe sabuwar hanyar mota da ta bi ta dutsen Hada zuwa Ɗa'ifa, an yi wani mutum ana ce masa Rabe mai risho. Sana'arsa ke nan, gyaran risho da fitila da liƙe butar da ta huje, a wata 'yar rumfa bakin lungunsu. Bakatsine ne. Ya baro gida yana saurayi, ya biyo ta Chadi da Sudan a ƙasa, shekara shida yana tafe yana yada zango kafin ya ga Ka'aba. A wannan tafiya ya samo abin da ya fi risho tara masa jama'a, wato labarin su.

In ji Rabe, babu ruwan da bai shiga ba tsakanin Tafkin Chadi da Kogin Nilu. Ya taɓa kama giwan ruwa da sai da aka nemo raƙuma biyu suka ja shi, kuma da labarin ya shekara goma a bakinsa raƙuman suka zama huɗu. Mutanen lungu suna saurare suna gyaɗa kai, don a Makka ina aka ga ruwan da za a gwada mutum? Daga wanda 'yan ga-ruwa ke kawowa a garwa sai Zamzam. Shekara goma sha tara Rabe yana su a kan tudu, ba wanda ya taɓa ganin ƙafarsa a jiƙe in ba da alwala ba.

Ana nan sai surukarsa Iya Mairama, uwar matarsa Rumasa'u, wadda ke zaune tare da su, ta kwanta zazzaɓi. Ta tashi, amma bakinta ya ƙi abinci. Aka dama kunu ta kurɓa sau biyu ta ajiye. Aka sayo kifin Jidda aka soya, ta shinshina ta ture, ta ce wannan na ruwan gishiri ne, ita romon kifin ruwan daɗi take marmari irin na gida. Tsohuwa tana ta ramewa har awarwaronta yana zamowa, Rumasa'u ta rasa inda za ta sa kanta.

Wata la'asar maza sun cika rumfar Rabe, sai ga Tijjani direba, haifaffen Makka, mai wanet, 'yar motar nan ta ɗaukar kaya. Ya zauna yana ba da labarin sabuwar hanya, rabi Hausa rabi Larabci kamar yadda ya saba. Ya ce can saman dutse ya ga wani tafki a bayan wata tsohuwar madatsa, cikin lambun da aka bar wa jama'a suna zuwa shan iska, kuma da idonsa ya ga kifi yana wasa a ciki.

Kowa ya juyo ya dubi Rabe. Kafin zuciyarsa ta ba shi shawara bakinsa ya riga ya yi gaba.

"Kifi nawa ne a ciki?"

"Wallahi ya Ammi, ban ƙirga ba," in ji Tijjani, don haka yake kiransa da Larabci, wato baffa.

"To in ka koma ka yi musu ban kwana."

Aka bushe da dariya, dariyar ta hau masa kai. Nan take ya yi shela cewa ranar Alhamis kada kowa a lungun nan ya sayi nama. Mata su dafa farar shinkafa kawai su jira. Iya za ta sha romonta, abin da ya saura kuma kowane gida ya kawo kwano.

Kwana uku ya rufe rumfa yana shiri. Taru babu, sai ya kwance gidan sauron gadonsu ya ɗaura duwatsu a gefe-gefe. Ƙugiya babu, sai ya aro ta rataye nama wajen Awwalu mahauci, ya ɗaura ta a igiyar shanyar Rumasa'u. Gorar da masunta ke hawa ba a samun ta a Makka, don haka ya samo garwar kananzir biyu ya liƙe bakinsu da dalma, yana liƙi yana ba 'yan kallo labarin kada, idonsa ba ya kan aikin. Daga ƙarshe ya aro tukunyar biki, wadda rago biyu ke shiga, don zubo kifi.

Rumasa'u ta tsaya tana kallon gadonsu tsirara. Ta tuna masa cewa jirgi ɗaya suka shigo daga Sawakin, kuma ta gan shi da idonta rungume da buhun dawa yana kiran uwarsa tun daga waccan gaɓa har wannan.

"Wannan ai teku ce," in ji Rabe. "Ni da ruwan gishiri ba ma shiri. Ko Iya ba ki ga ta ture shi ba?"

Iyar da ya ambata tana jin su daga ɗaki. Ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba tun da ya auri 'yarta, shi ma ba ya haɗa ido da ita. Ta kira Rumasa'u ta ce a faɗa wa maigida ita ma za ta bi su, ta daɗe ba ta ga ruwa kwance ba. Rabe ya so ya ce hanya da nisa, ya so ya ce sanyi, amma suruka ce, sai ya ce to.

Ranar Alhamis da sassafe aka shimfiɗa wa mata katifa a bayan wanet tare da tukunya da garwa, Rabe ya hakimce a gaba cikin babbar rigarsa ta Juma'a. Lungu ya fito rakiya, yana ɗaga musu hannu yana tambayar kowa irin kifin da ya fi so. Da suka wuce Arfa hanya ta fara hawa tana nannaɗewa, dutse a dama, rami a hagu. Rabe ya leƙa ramin sau ɗaya, ya runtse ido, ya ce wa Tijjani kada ya yi masa magana, wuridi yake yi. A lanƙwasa ta goma sha wuridin ya ƙare, aka tsaya ya amayar da karin kumallonsa a gefen hanya. Ya goge baki ya bayyana wa Tijjani cewa jikin da ya saba da jirgin ruwa ba ya jure abin da ke tafiya a busasshiyar ƙasa.

Hantsi ya ɗaga suka isa. Tafkin yana kwance tsakanin duwatsu, kore shar, ko motsi ba ya yi. Itatuwan rumman da ɓaure sun yi masa inuwa, iska mai sanyi tana kaɗawa. Iyalai uku ko huɗu sun shimfiɗa darduma nesa da juna suna shan shayi, suna magana ƙasa-ƙasa. A kan wani falalen dutse wani tsohon Balarabe, mai gadin lambun, yana zaune da sandar kara da zare, kamar an dasa shi, akuyarsa tana kiwo a bayansa. Can sama kuma birai sun jeru suna kallon kowa. Iya Mairama ta sa aka shimfiɗa mata tabarma daf da bakin ruwa, ta zauna tana shaƙar iska.

Rabe ya tsaya ya dubi ruwan, sai a lokacin ya gane bai san ta inda ake farawa ba. Amma Tijjani yana kallonsa, don haka ya gyara murya ya ce sai an fara sanar da ruwa wanda ya zo. Ya ɗaga hannu ya shiga yi wa kansa kirari da iyakar ƙarfinsa, yana lissafa koguna, duwatsu suna mayar masa da muryarsa. Tsuntsaye suka tashi. Kifayen da ke kewaya zaren tsohon suka watse. Tsohon ya juyo a hankali, ya dube shi daga hula har takalmi, ya ce masa da Larabci kifin nan ba kurame ba ne.

Rabe ya yi kamar bai ji ba. Ya soka wa ƙugiyar mahauci tsokar nama kamar dunƙulen hannu, ya ce kowa ya matsa, ya shiga wulwula igiya a saman kansa. Sau uku tana zagayawa, a na huɗu ta yi baya ta saƙalo hannun butar shayin wani mai tumbi da ke zaune da iyalinsa. Rabe ya ji nauyi, ya ɗauka ƙarfinsa ne ya ƙaru, ya finciko. Buta ta tashi sama tana feshin shayi, ta wuce kansa ta faɗa tsakiyar tafki, igiyar ta suɓuce daga hannunsa ta bi ta.

Mai tumbi ya taso da finjali a hannu yana tambayar wane ne wannan. Rabe ya tare shi da fara'a, ya ce da gangan ya yi, ƙanshin na'ana'a yana tara kifi wuri ɗaya, haka ake yi a Nilu. Mutumin ya ce shi a Nilu aka haifi uwarsa kuma bai taɓa ji ba. Sai da Tijjani ya shiga tsakani da ban haƙuri, ya ɗauko butarsu ya miƙa masa, sannan mutumin ya koma yana waiwaye.

"Halas, ya isa haka ya Ammi, mu sayi na tsohon nan mu tafi," in ji Tijjani. "Uku gare shi, sun isa romo."

"Ni Rabe in sayi kifi? Miƙo taru."

Ya tattaro gidan sauro a kafaɗa yadda ya taɓa hango wani yana yi daga nesa, ya juya sau biyu ya watsa. Iskar dutse ta karɓe shi. Duwatsun da ya ɗaura suka zube a ruwa, gidan sauron ya buɗe da kusurwarsa huɗu kamar an kafa shi a gado, ya yi sama, ya dawo baya, ya sauka a kan akuyar mai gadi. Akuya ta zabura cikin lulluɓi kamar amarya, ta ratsa dardumar mai tumbi, ta taka faifan inabi, ta tuntsurar da butar da aka ba shi yanzu, ta haye dutse da gidan sauron Rumasa'u yana binta. Duk wanda ke lambun ya bar abin da yake yi ya matso. Rumasa'u ta ja mayafi ta rufe fuska. 

Yanzu mutum ashirin ke kallo, kuma Rabe bai taɓa ganin taro ya ja da baya ba. Ya ce duk wannan share fage ne, masunci na gaske da hannu yake kamu. Ya ɗauki garwa biyu ya zagaya bayan wani dutse, ya tuɓe babbar riga da 'yar ciki da hula, ya ninke su ya ɗora takalmi a kai. Da ya zo haɗa garwa sai ya tuna igiya tana ƙasan tafki tare da buta. Ya duba dama da hagu, ya zare mazagin wandonsa ya ɗaure su da shi, ya murɗa ƙugun wandon ya soke. Ya kwanta rub da ciki a kan garwa, ya yi bisimilla, ya tura da ƙafa.

Abin mamaki sai ta tafi. Garwa ta ɗauke shi sumul, ruwa yana rabewa, inuwar itatuwa tana wucewa ta ƙarƙashinsa. Daɗi ya kama Rabe har ya fara zargin ko labaran nan nasa gaskiya ne, mantawa ya yi. Ya ɗaga hannu ɗaya ya kira Tijjani ya ce a sauko da tukunya.

Sai garwar hagu ta ce bul, ta sake cewa bul-bul. Liƙin ya saki. Rabe ya karkata, ya yi ƙoƙarin gyarawa, ya shiga juyawa wuri ɗaya kamar dutsen niƙa. Garwar hagu ta nutse, ta dama ta yi tsalle ta buge shi a haɓa, ya kifa. Wandon da ba mazagi ya yi nasa wuri.

Ihun da ya yi har birai sai da suka miƙe. Yana bugun ruwa yana kalmar shahada, yana yafe wa kowa yana roƙon a yafe masa. Da ya ga ba wanda ya shigo, sai ya shiga faɗin gaskiya da Hausa da Larabci don kowa ya ji: bai iya ruwa ba, bai taɓa iyawa ba, a Chadi dakon kifi ya yi a kasuwa, giwan ruwan nan ma busasshe ya gan shi a rumfar wani, kuma jaki ɗaya ne ya kawo shi.

Tsohon mai gadi bai ko ajiye sandarsa ba. Ya jira Rabe ya tsaya shan iska, sannan ya ce, "Ya sheikh, miƙe tsaye."

Rabe ya miƙe. Ruwan iyakarsa cibiya. Ya tsaya yana haki, jama'a suna dariya har da masu riƙe ciki, sai ya ji iska tana taɓa shi inda bai kamata ba. Ya koma ya tsuguna da sauri, ruwa har wuya.

Ya yi wa Tijjani alama da ido ya ɗauko masa kayansa. Tijjani ya zagaya bayan dutse, ya dawo hannu wofi yana nuna sama. Wani ƙaton biri yana zaune a ƙololuwa da babbar rigar Juma'a a cinyarsa, yana zazzage goron da ke aljihu. Biyu suna ja-in-ja da 'yar ciki. Wani ƙarami ya cusa kai cikin hula yana tafiya da baya.

Ga ruwan dutse da sanyi kamar ƙanƙara, ga surukarsa zaune daidai inda zai fito. Rabe ya gwammace ya daskare. Haƙoransa suna kaɗawa ya ga Iya Mairama ta miƙe, abin da ta yi sati biyu ba ta yi ba sai an kama ta. Bugun ruwan da ya yi ya koro kifaye cikin wani ɗan lungu mara zurfi kusa da tabarmarta. Tsohuwa ta cire mayafinta na sama, ta ba Rumasa'u gefe ɗaya ta riƙe ɗaya, ta marmasa gurasar tamis a ruwa, suka shiga zuwa idon sawu. Suka nutsar da mayafin, ta jira, ta ce ɗaga. Ga kifi yana tsalle a ciki, kowane kamar tafin hannu.

Mai gadi ya taso yana tambayar inda hajiya ta koyi wannan. Ta ce wa Rumasa'u ta faɗa masa ita 'yar Sarkawan Yawuri ce, masunta, a cikin jirgin ubanta ta yi rarrafe. Rabe ya ji wannan daga cikin ruwa, ya tuna shekarun da ta yi tana jin labarin raƙuma ta bayan labule, ya ƙara nutsewa har leɓe.

"Ruma," in ji tsohuwa, "ce wa maigidanki ya ƙara bugun ruwan ta hagu. Yana koro su da kyau."

Haka Rabe ya yi kusan sa'a guda a tsugune yana bugun ruwa, ana ce masa ya matsa gaba, ya koma baya, ya rage, ya ƙara. Da kwanon sha ya cika da kifi, mata suka juya baya suka nufi mota. Tijjani ya tono wani tsohon harami da fasinja ya manta a ƙarƙashin kujera, Rabe ya fito yana rawar ɗari ya ɗaura ɗaya ya yafa ɗaya.

A hanyar sauka suka tsaya a miƙati, inda ake ɗaura harami, don a zuba wa mota ruwa. Mutanen wurin suka ga mutum cikin harami suka shiga yi masa Allah ya karɓa. Rabe ya ji wata dabara ta faɗo masa. Ya sauka ya yi alwala ya yi raka'a biyu, ya ɗaura niyyar umara da gaske, ya dawo mota yana talbiyya da murya mai daɗi, har ya fara murmushi.

Kafin magariba suka shigo Jarwal. Lungu ya cika maƙil, kowane gida da kwanonsa, ƙanshin farar shinkafa ko'ina. Aka sauke tukunyar biki, aka buɗe, aka leƙa, aka ga garwa ɗaya a lotse. Rabe ya miƙe a kan mota cikin fararen kaya, ya ɗaga hannu. Ya ce jama'a su yi haƙuri, ya cika tukunyar nan har baki, sai zuciyarsa ta karkata ga ibada ya ɗaura harami, kuma kowa ya san mai harami ba ya farauta, don haka ya mayar da su ruwa ɗaya bayan ɗaya.

Malam Isa limamin lungu yana tsaye da nasa kwanon. Ya yi gyaran murya ya ce farautar tudu ce aka hana mai harami, ta ruwa halal ce, babu saɓani a kai.

"Tafkin a kan tudu yake, Malam," in ji Rabe. "Saman dutse ma kuwa."

"Kifin a cikin ruwa yake ko a kan dutsen?"

Ana cikin haka sai ragon da Rabe yake turke da shi don layya ya yi kuka daga cikin gida. Malam Isa ya karkata kunne. Ya ce af, yanka dabbar gida ma bai haramta ga mai harami ba, kuma alkawarin da aka yi wa gida goma sha huɗu abu ne mai nauyi. Awwalu mahauci ya ce shi ma daman ya zo karɓar ƙugiyarsa, amma tunda ga wuƙa a jikinsa, ba komai. Tijjani kuwa ya riga ya hau kan tukunya yana ba da labari tun daga buta, yana kwaikwayon akuya.

Aka ja rago gefe don yanka. Malam Isa ya tuna wa Rabe cewa niyyar da ya ɗauka ba ta sauka sai ya yi ɗawafi da sa'ayi ya yi aski, gara ya kama hanya. Rabe ya leƙa tsakar gida neman silifa. Rumasa'u ta riga ta ɗora romo a risho, ƙanshin citta da barkono ya cika gidan, Iya Mairama tana zaune da ludayi a hannu tana ɗanɗanawa, ta ce a ƙara gishiri, ta ce kuma a zuba mata shinkafa da yawa. Ya juya zai fita cikinsa yana ƙugi, sai ya ji muryarta a bayansa.

"Ruma, ki ajiye wa maigidanki guda ɗaya, kada ki cire kan. In ya dawo ya zauna ya dube shi da kyau, ya san kamanninsa."